Ƙusa Biyu a Bangon Kicin

Ran da aka kawo ni gidan nan na Taiping
ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Uwar mijina ba ta ce sannu da zuwa ba.
Ta dube ni, ta dubi murhu,
ta zari lema ta fice.

Da ta dawo, kasko ne a hammatarta,
sabo fil, takardar farashi manne a gindinsa.
Ta kafa ƙusa nesa da nata,
nata baƙi wuluk, shekara talatin yana shan wuta,
ya san alade, ya san giyar shinkafa.
Ta nuna sabon da haɓa: "Zaleha, naki."
Wannan maganar ta ishe mu wata guda.

Sabon kasko ba shi da kunya.
Ya kama ƙwai, ya riƙe taliya,
ya mai da kifina fate.
Na yi kuka a bakin famfo, na ɗora wa albasa.
Gaik Hong ta ture ni da gwiwar hannu,
ta gasa ƙarfen har ya yi shuɗi,
ta murje shi da citta da mai,
yau, gobe, jibi, gata.
Ta ce ƙarfe sai ya sha wuya yake numfashi.

A wurinta na koyi cewa kaza ba ta son hayaniya:
ruwa ya yi zafi, kada ya tafasa,
daga nan tsundum cikin ƙanƙara,
fata ta ɗame, ta yi santsi,
kitsen kuma a soya shinkafa da tafarnuwa.
Kifin turara, ido za ki duba.
In ya yi fari ya ɓullo, sauke,
zuba ruwan waken suya, watsa mai mai ƙuna,
ki ji ganyen albasa ya yi ƙara.

Ni ma ban zo hannu rabbana ba.
Na gasa daddawar jatan lande,
ta buɗe tagogi duka tana tsaki,
ta ce na kori maƙwabta har da kyanwarsu.
Da dare na kama ta tana suɗe turmi da yatsa.
Rendang kuwa ya kusa raba mu:
awa huɗu ana juya nama a madarar kwakwa,
ita da ta saba gama girki kafin ashana ta mutu.
Ta ce wannan ba girki ba ne, zaman makoki ne.
Ta ci faranti biyu.

Da azumi, ƙarfe huɗu na asuba,
sai in ji wuƙa na taka katako a hankali.
Ba ta azumi. Turaren kakanninta na can yana hayaƙi.
Amma ga faten shinkafa a tebur,
an yanka citta siriri kamar zare,
ita ta koma ta kwanta, wai fitsari ya tashe ta.

Ban san ranar da baƙin kaskon ya bar bango ba.
Kean Huat ya ce ta kai wa ƙanwarta a Ipoh.
Na tambaye ta.
Ta ce hannunta ya gaji da wanki biyu,
ta miƙo mini tsamiya in jiƙa.

Bana shekara huɗu da muka raka ta.
Kaskona ya yi baƙi, ƙwai na zamiya a kansa.
Jiya 'yata ta tsaya da waya a hannu:
"Mama, cokali nawa? Minti nawa?"
Na buɗe baki, babu lissafi a ciki.
Sai na ji gwiwar hannuna ta ture ta gefe.

Ƙusa ta farko tana nan.
Lemar na rataye a kai,
kuma a Taiping, kusan kullum da la'asar, sai an sauke ta.